Muhawara: shin `git reset --hard` yana goge commit har abada?

Malam Sani: Ana ta yaɗa cewa duk wanda ya buga `git reset --hard HEAD~2` ya yi bankwana da commit biyu na ƙarshe ke nan, wato gyare-gyaren da ya riga ya adana a Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayiloli. Sam ba haka ba ne. Reshe a Git suna ne kawai da ke nuni ga commit guda, galibi ɗan fayil a `.git/refs/heads/` mai ɗauke da lamba ta haruffa 40. Wannan lambar reset ke sauyawa. Commit ɗin suna nan daram, alamar ce ta ja baya. A duba `git reflog`, wato jerin wuraren da alamar ta taɓa tsayawa, ko a buga `git reset --hard ORIG_HEAD` nan take don komawa inda take kafin reset, sai su dawo.

Hajiya Binta: Malam, ka faɗi gaskiya amma da saura. `--soft` alamar reshe kaɗai yake matsarwa. `--mixed`, wanda shi ke aiki in ba ka zaɓi komai ba, yana haɗawa da index, wato wurin da `git add` ke tara gyara kafin commit. Shi kuwa `--hard` har fayilolin da kake aiki a kansu yake mayarwa yadda suke a wancan commit. Gyaran da ba a yi masa `git add` ba bai taɓa shiga ma'ajiyar Git ba, don haka reflog bai san da zamansa ba. Wannan kam ya tafi.

Injiniya Umar: Wanda aka yi wa add kuma ba a yi commit ba, akwai dabara. `git fsck --lost-found` zai zubo shi a `.git/lost-found/other`, sai dai babu sunayen fayiloli, dole a buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Malam Sani: Na yarda, Hajiya. Amma ni a kan commit nake magana.

Hajiya Binta: Shi ma yana da wa'adi. Reflog kwana 30 yake riƙe commit ɗin da reshen ya bari a baya, sauran kuma kwana 90. Bayan nan `git gc`, mai share abin da ba a buƙata a ma'ajiya, na iya share shi. Kuma reflog a kwamfutarka kaɗai yake, clone, wato kwafo ma'ajiyar zuwa wata kwamfuta, ba ya ɗauko shi.

Injiniya Umar: Ni inda ya fi damuna shi ne reshen da aka riga aka tura (push) zuwa ma'ajiyar da ake aiki tare a kanta. In ka ja shi baya, push zai ƙi shiga. In ka tilasta da `--force`, za ka iya danne aikin abokan aikinka. A nan `git revert` ya dace, domin sabon commit yake ƙarawa mai warware na baya.

Malam Sani: A reshen jama'a, haka ne, Injiniya. A naka kai kaɗai kuwa, reset da `--force-with-lease` sun wadatar, tunda zai ƙi turawa in wani ya riga ka.