Wa ya taɓa mini shafi?

Baban Ummi, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Dare uku na yi ina rubuta yadda ake saka Ubuntu (wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) da LibreOffice (manhajar rubutu da lissafi) a tsohuwar kwamfuta, da Hausa, a wikin ƙungiyarmu (shafin intanet da ake haɗuwa a rubuta a gyara), saboda yaranmu da Faransancin wikin Ubuntu-fr yake yi musu nauyi. Ga kuɗin data, ga wuta ana ɗaukewa ina zaman jira. Da safe na buɗe, an canja kanun daga "manhajar kyauta" zuwa "manhaja mai 'yanci", an goge sunana da na sa a ƙasa. Haka ake saka wa mai hidimar manhajar kyauta? Na wanke hannuna.

Ɗan Domayo, Marwa: Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya huci zuciyarka. Amma "kyauta" ɗin nan dole a gyara ta. 'Yanci ake nufi. Duk wanda ya shiga lakwal ya san a Faransanci libre (mai 'yanci) daban, gratuit (kyauta) daban.

Baban Ummi: Nawa ka biya da ka sauke Ubuntu?

Ɗan Domayo: Ko dala. Amma abin da Richard Stallman ya tayar a 1983 da GNU, aikinsa na gina manhaja mai 'yanci, ba maganar farashi ba ce. Abu huɗu ne: ka yi aiki da ita, ka duba cikinta, ka raba, ka gyara ka raba gyaran. GPL ma, lasisin da GNU ke sakin manhaja da shi, bai hana ka sayar ba.

Mai Gyara, Babbar Kasuwa: Alhamdu lillahi da aka faɗa. Ni sefa dubu biyu nake karɓa in saka wa mutum Linux, wani lokacin har a ce na ci haram.

Hajiya Malama, Ngaundere: Kai ɗana, ladan aikinka kake karɓa, wannan daban. Ni dai in na ce wa iyayen yara "manhaja mai 'yanci" sai su ce da wa ya ɗaure ta. Kyauta kowa ya gane.

Ɗan Domayo: Hajiya, ki gafarce ni, ganewar ce matsalar. Facebook ma kyauta ne, kin taɓa ganin cikinsa? Kuma IBM ta sayi Red Hat, kamfanin Linux, a 2019 kan dala biliyan 34. Kayan kyauta ake saye haka?

Mai Gyara: Su mutanen Marwa komai sai sun mai da shi darasi.

Ɗan Domayo: Ku na Garwa in ba ƙungiyar ƙwallon Coton Sport ba me kuka sani?

Ɗalibin Dang: Ni abin da ya ban dariya Ubuntu da kuke ta ambato. Daga Debian, wani nau'in Linux, aka ciro ta a 2004. Mai son ilimi ArchWiki, wikin Arch Linux, yake karantawa.

Mai Gyara: Da Turanci? Kawo wa mai kwamfutar da batirinta ya mutu tun bara, ka ce ya karanta.

Hajiya Malama: Ita "manhaja" ɗin ma a rediyo muka tsince ta. A nan wa yake faɗinta? Lojisiyel muke cewa.

Ɗalibin Dang: To a rubuta duka biyun mana.

Ɗan Domayo: A'a. Wiki ba kasuwa ba ce.

Shugaban zaure, Marwa: Ya isa haka, magariba ta yi. Na karanta komai. Abin da na fahimta, mafi yawa sun yarda 'yanci shi ne daidai, tunda Ɗan Domayo ya kawo hujja da shekaru, sauran kuwa ra'ayi ne kawai. Kanun zai tsaya yadda aka gyara shi. Mutanen Garwa a rage zafi. Baban Ummi, duk gyaran da aka yi yana cikin tarihin shafin, je ka duba.

Hajiya Malama: Mafi yawa su wa? Mutum ɗaya na ƙirga.

Baban Ummi: Na duba tarihin. Shugaba, ai kai ne ka goge sunana.