In sa rilaksa ko in haƙura da gashina yadda yake?

Autar Gida:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah waɗanda suka san abin su taimaka min.

Gashina mai cika ne ga tauri. Idan na ja sili ɗaya yana sauka har kafaɗa, ina saki ya koma bai wuce kunne ba. Tunda nake ban taɓa sa masa komai ba sai mai da kitso. Ranar tsifa da wanki ita ce damuwata. Nakan fara da hantsi, sai la'asar ina zaune da mataji, wuya ya ƙage, hannu ya gaji, fatar kai tana zogi. Yanzu na fara aiki, hutun rana ɗaya gare ni a mako, ba na so in riƙa ƙarar da ita a kan kai.

Abokiyar aikina mai rilaksa ce, nan da nan take tajewa ta ɗaure, ita ke ta zuga ni. Yayata kuma ta ce idan na sa babu ruwanta, wai tun da ta sa gaban goshinta ya tafi bai dawo ba. Abin da ya ƙara sa ni jinkiri shi ne gefen kaina na dama, saman kunne, gashin wurin ya yi shara-shara tun wani ƙananan kitso da aka ja min da ƙarfi. Ga amosani mai ƙaiƙayi, wani lokaci in sosa har ya yi ɗan ciwo.

To idan na sa ban ji daɗinsa ba, gashin yana komawa yadda yake? Wanda ake rubuta wa no-lye a kwali da gaske ba ya ƙuna? Sannan maganar da nake ji wai yana jawo cutar kansa, gaskiya ce ko tsoratarwa?

Mai Kibiya:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Gyaran gashi sana'ata ce, da hannuna nake sa wa mata rilaksa, don haka ba ƙiyayya ce za ta sa ni faɗin abin da zan faɗa ba.

Ba ya komawa. Abin da ke sa gashinki ya nannaɗe wasu ƙulle-ƙulle ne a cikin silin kansa, rilaksa kuma shiga yake yi ya tsinke su. Duk inda ya taɓa ya miƙe ke nan har ranar da almakashi zai raba ku. Sabon da zai tsiro daga saiwa kuwa irin naki ne na asali, mai tauri. A nan gizo ke saƙar, domin bayan wata biyu kanki zai zama gashi iri biyu, ƙasa a murɗe, sama a miƙe, kuma mahaɗarsu tamkar inda aka ƙulla tsohon zare da sabo ce, nan yake tsinkewa. Shi ya sa ake ƙari duk bayan mako 8 zuwa 12. Wadda ta sa sau ɗaya ta ɗauki alƙawarin dawowa ne, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Rilaksa mai lye, sinadarin da ke cikinsa shi ne sodar nan da ake yin sabulu da ita. Yana aiki da sauri, yana kuma ƙuna da sauri. No-lye shi ne wanda za ki ga ana zuba ɗan ruwan kwalba a cikin kirim a gauraya kafin a shafa. Ya fi sauƙi a fatar kai, amma ya fi busar da gashi, don yana barin wani farin gishiri a jikin sili, gashi ya yi ta ƙeƙashewa. Kuma yana ƙuna sarai idan aka bar shi ya wuce lokaci. Har na kwalin yara ma haka yake.

Ni ga yadda nake yi. Sai na buɗe kan da kibiya na duba fatar tsagi bayan tsagi. Na shafa basilin a goshi, bayan kunne, ƙeya da fatar kai. Na raba gashin gida huɗu, na fara daga inda ya fi tauri, gaban goshi da gefe su ne ƙarshe don su suka fi rauni. Agogo yana gabana, ba na wuce abin da takardar kwalin ta ce, yawanci bai kai minti 20 ba. Maganar nan ta "daure, zafin alamar yana ci ne" ƙarya ce, fata ce take ƙonewa. Bayan ɗauraya sai sabulun da ke kashe ƙarfin maganin, wanda kumfarsa kan yi ruwan hoda idan da saura, a yi ta wankewa har ta fito fara tas. Ranar ƙari kuma sabon tsiro kaɗai ake shafa wa. Mai ja miki shi har jela kowane zuwa ita ce mai cinye miki gashi.

Amma da za ki zauna a kujerata yau da wannan amosanin da ciwon susa, ga gefe ya yi shara-shara, wallahi ba zan sa miki ba. Magani zai shiga ciwon, washegari ki tashi gashi ya manne da fata yana ruwa. Idan wurin ya yi tabo, gashi ba ya sake fitowa a kan tabo.

Maman Biyu:

Ni fa ban son yadda aka mai da mu masu rilaksa kamar waɗanda ba sa son halittarsu. Tun ina budurwa nake sawa, yanzu yarana sun yi wayo, gashina yana nan har gadon baya. Sau uku nake ƙari a shekara, wajen mace ɗaya, ba na haɗa shi da rini, ba na yin kitso mai ja a makon da na sa. Duk mako ina yin stimin, ina datse bakinsa idan ya fara tsagewa.

Sai dai kada ƙawarki ta ruɗe ki da tajewar safe, ba ta nuna miki sauran aikin ba ne. Gashi mai rilaksa ya fi na asali son lallashi, ki yi sakaci da shi wata ɗaya ki ga yadda zai cika mataji. Wahalar ba ta ƙare ba, sauya kama ta yi. Ni wannan ce ta fi min sauƙi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Goshin yayarki kuma ki tambaye ta, ƙila rilaksa da kitso mai ja ne suka haɗu suka yi mata aika-aika.

'Yar Famasi:

Bari in amsa ta kansar, tunda ita aka tsallake.

A watan Oktoban 2022 masu bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, suka fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000 masu shekara 35 zuwa 74, na kusan shekara 11. A cikinsu 378 suka kamu da kansar mahaifa. Waɗanda suka yi amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara, haɗarinsu ya fi ninki biyu na waɗanda ba sa yi ko kaɗan. Ƙiyasinsu shi ne kafin shekara 70, kashi 1.64 cikin ɗari na marasa amfani za su kamu, masu yawan amfani kuma kashi 4.05. A lura, jikin mahaifa ake nufi, ba bakin mahaifa ba.

Tun 2012 ma wani binciken Jami'ar Boston a kan baƙaƙen mata sama da 23,000 ya ga ƙarin mahaifa, wato faibroid, ya ɗan fi yawa a masu rilaksa.

Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, bai kama wani sinadari ya ce ga mai laifi ba, na 2022 ɗin ma bai tambayi matan sunan kayan da suke sawa ba. Abin da ake zargi shi ne sinadarai masu taɓa homon na mace, irin su paraben da phthalate, kuma ƙuna ko ciwo a fatar kai na buɗe musu hanyar shiga jiki. Ni karatun da na yi masa shi ne yawancin masu sawa ba za su kamu ba, amma ninki biyu ba abin ɗaga kafaɗa ba ne, musamman ga wadda za ta fara da ƙuruciya ta yi shekaru tana yi. Idan akwai kansar mahaifa ko faibroid a danginku, ni da zan bari. Kada kuma a ce miki kayan keratin, wato waɗanda ake shafawa a miƙar da gashi da zafi, su ne mafita. Da yawansu suna fitar da wani sinadari mai illa, formaldehyde, idan aka ɗora musu zafi, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta bayyana a 2023 cewa tana shirin hana shi a kayan miƙar da gashi.

Autar Gida:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Maman Biyu, ba raini ba ne wallahi, gashinku ma irinsa nake sha'awa. Amma da na karanta sai na ga ni ba miƙaƙƙen gashi nake nema ba, zafin taza nake gudu. Mamanmu kuma an taɓa yi mata aikin faibroid, don haka maganar ta tsaya min a rai. Anti Mai Kibiya, yaya zan rage wahalar wankin nan? Kuma gefen zai dawo?

Mai Kibiya:

Ina zargin a bushe kike tajewa, kuma kina wanke shi a sake gaba ɗaya. Gashi irin naki ba a sa masa mataji sai ya jiƙe ya sha kwandishana. Kina tsifa kina warware kowane layi da yatsu, ki cire mataccen gashin da ya taru a gindin kitso kafin ruwa ya taɓa shi, don shi ne ke cukurkuɗewa ya zama dunƙule. Ki kama shi kalaba shida ko takwas manya, ki wanke a haka, fatar kai kike cuɗawa da tafin yatsu, ban da farce. Sai ki kwance ɗaya, ki sa kwandishana har ya yi santsi, ki taje da mataji mai manyan haƙora daga jela kina hawa zuwa saiwa, ki sake kitse ta kafin ki taɓa ta gaba. Ki bar shi ya bushe a kitse, ba zai dunƙule ba.

Amosanin ki nemi shamfu mai ketoconazole, ki bar kumfar ta yi kamar minti biyar a fata kafin ki ɗauraye. Gefen kuma, zubewar da jan kitso ya kawo takan dawo idan an daina ja da wuri. Ki ce wa makitsiyarki ta bar gashin wurin, kada ta kama shi ko kaɗan. Idan wata uku ya wuce ba ki ga toho ba, ko kika ga fatar wurin ta yi sumul tana ƙyalli, likitan fata za ki gani, kada ki tsaya gwajin mayuka.