Tallafin noman shinkafa: me ya sa mata ba sa gani a ƙasa?

Uwar Gida Kura:
Assalamu alaikum. Tun daga shirin tallafin noma na Fadama III har shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, kusan kowane shiri sai an ce an tuna da mata. Amma masu dashe da gumi a ƙauyukan Kura da Argungu, galibi har yau ƙwadago suke yi. Ina gizo ke saƙa? Kuma ƙungiyar mata da za ta shiga irin wannan shiri, me ya kamata ta nema?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalar daga gona take farawa. Kafin a ba da rance sai an auna fili, an ga BVN da asusun banki, kuma mutum yana cikin ƙungiya. Mace kuwa sau da yawa gayauna ce ke hannunta, aro daga maigida. Sai sunanta ya shiga takarda, taki ya tafi gandu, bashi ya zauna a wuyanta.

Sannan lokaci. Hekta ɗaya ta irin shinkafa FARO 44 tana son kamfa buhu 4 wajen dashe, yuriya buhu 2 a raba biyu: rabi mako 3 bayan dashe, rabi idan ta fara ɗaukar ciki. Iri kuma a cire shi daga fangali yana kwana 14 zuwa 21, a dasa da tazarar santimita 20. Idan kaya suka iso bayan iri ya tsufa, ba zai yi 'ya'ya da yawa ba, bashin kuwa ko kwabo ba a ragewa. Shawarata, ƙungiya ta samu takardar hayar fili da sunanta, da shaidar mai unguwa, ko ta shekara 3 ce. Kayan da suka makara kuma, gara a ƙi karɓa.

Hajiya Mai Gumi:
Malam, gaskiya ka faɗa, amma ka tsaya a gona. Kuɗin mace a tukunya yake. Shirin da ya amfani mata sosai shi ne wanda ya gyara gumi, kamar tukunyar turara mai rariya a ciki, wadda tururi ne kawai ke taɓa shinkafa, ba a dafa ta cikin ruwa.

A wanke shanshera sau 2 ko 3, a kwashe duk abin da ya taso sama. A jiƙa ta da ruwan zafi wanda bai tafasa ba, ta kwana. Da safe a tsane, a turara minti 20 zuwa 30, har ɓawon ya fara tsagewa. Jiƙon da ya wuce kwana ɗaya shi ke kawo wari da duhu. Shanya a kan tamfal, ba bakin kwalta ba, don can tsakuwa ke shiga, tsakuwa kuma ita ke karya farashi a kasuwa. Idan ta kusa bushewa a mayar da ita inuwa. Rana mai zafi har ƙarshe tana tsattsaga ƙwaya, a inji ta farfashe. Buhu mai kilo 100 da aka kula da shi kan ba da tsaba kilo 60 zuwa 65.

Dattijon Jega:
'Yan'uwa, tukunya da inji ba jari ba ne. Ƙungiyoyi nawa aka ba injin casa yana nan kulle a ɗaki, babu kuɗin mai, babu na shanshera? Ku nemi jarin sayen shanshera da kaka, lokacin da take araha, da wurin ajiya. Asusun ƙungiya ya zama mata biyu ke sa hannu, lambar wayar da saƙon banki ke shiga kuma ta ma'aji ce, ba ta ɗanta ko mijinta ba.

Uwar Gida Kura:
Na gode. Wannan ta lambar waya ita za mu fara dubawa ranar adashi.