Shekara hamsin da ɗoriya, ina maganin ARDS?

Ɗalibi, Madina: Assalamu alaikum. Jiya na gama darasin ARDS, inda huhu ke kumbura ya cika da ruwa har iska ta kasa ratsawa cikin jini. Tun 1967 da likitoci Ashbaugh da Petty suka bayyana ta a jikin majinyata 12 a Amurka, har yau babu ƙwaya ko allurar da aka ce ita ce maganinta. Ni a ganina binciken nan ɗibar ruwa ne da kwando.

Nas, Jidda: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka taɓa kifa majinyaci? Mu biyar muke taruwa, ɗaya a wajen kai ya riƙe bututun numfashi kada ya zame, mu mirgina shi rub da ciki, mu cusa matashi ƙarƙashin ƙirji. Awa 16 yake yi a haka. Da safe fuska ta kumbura, 'yan uwansa su tsorata. Amma a binciken Faransa na 2013, mutuwa cikin kwana 28 ta sauko daga kusan kashi 33 cikin ɗari zuwa 16. Wace allura ce ta taɓa yin haka?

Ɗalibi: Anti, ai kifawa ba magani ba ce.

Dakta, Riyad: To mene ne magani, in ba abin da ke hana mutuwa ba? A da, na'urar numfashi na hura iska mililita 12 kan kowane kilo na nauyin majinyaci. A 2000 aka gwada 6, mutuwa ta ragu daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31. Ɓangaren huhun da ya rage da lafiya ɗan ƙarami ne, shi ya sa likitan Italiya Gattinoni ya kira shi huhun jariri; ka cika masa iskar babba, sai ya yage. Kuma da tsawon mutum ake lissafin, ba da nauyinsa na sikeli ba. Har yau ina yawo da awon tela a aljihu, ana ta yi min dariya.

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, ka ga ka faɗa da kanka. An koyi rage ɓarnar na'ura ne, cutar tana nan.

Dakta: Nan kam kana da rabin gaskiya.

Mai harhaɗa magunguna, Makka: Kun manta dexamethasone, maganin rage kumburi? A 2020 binciken Ingila ya nuna ta rage mutuwar masu korona da ke kan na'ura da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga araha.

Dakta: Malam, yi a hankali. A nan Saudiyya aka fara gano MERS, wata cutar numfashi dangin korona, a 2012, a Jidda. Da Dakta Yaseen Arabi da abokan aikinsa suka bi bayanan majinyatanta, ba su ga irin waɗannan magunguna sun rage mutuwa ba, sai ma ƙwayar cutar ta daɗe a jiki. ARDS taron cututtuka ce aka lulluɓe da suna ɗaya: mai nimoniya, mai gubar jini, wanda mota ta buge. Tun 2014 likitar Amurka Calfee ta nuna akwai rukuni biyu, masu kumburi mai tsanani da masu sauƙinsa. Can bincike ya karkata yanzu, wato a san wa za a ba me.

Nas: Ni damuwata gida ce, Dakta. Ma'aunin gano ARDS da aka tsara a Balin, na 2012, sai da gwajin iskar jinin jijiya da na'ura. Asibitin garinmu ina zai samo su?

Dakta: Shi ya sa na Kigali ta Ruwanda ya burge ni: ɗan abin auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa da sikanin huhu. Ma'aunin duniya na 2023 ya karɓe su.

Ɗalibi: Duk da haka ban janye ba. Ganewa daban, warkarwa daban.

Nas: Ka zo Jidda da hutu. Ƙarfe huɗu muke kifawa, kullum hannu ɗaya muke nema a wajen ƙafa.