Ni AS, matata AS, 'yarmu SS: don Allah a fahimtar da ni yadda gadon nan yake tafiya

Baban Ummi, Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, karatuna bai wuce sakandare ba, saboda haka duk wanda zai amsa min ya sauko ƙasa yadda zan gane.

'Ya'yanmu biyu. Babbar, Ummi, shekararta shida, lafiyarta ƙalau. Ƙanwarta tana da shekara biyu da rabi. Tun tana wata bakwai muka fara ganin bayan hannunta da bayan ƙafarta suna kumbura, yatsun su yi suntum, ko zani ne ya goge ta sai ta ƙwalla ƙara. Wasu suka ce haƙori ne, wasu suka ce sanyi ne ya shige ta. Sai da farin idonta ya koma ɗorawa aka kwantar da ita, likita ya ce sikila ce, SS. Aka ɗebi jinina da na uwar, aka ce ni AS, ita ma AS.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, takardar da aka ba mu lokacin aure ta ce ni O ne, ita B, aka ce ba matsala. To daga ina AS ya ɓullo? Kuma ni da ita ba wanda ya taɓa yin wannan ciwo. Ba ma dangi ba ne balle a ce auren zumunci ne, ita mutanen Dukku ce.

Hajiyarmu ta kafe a kan daga dangin matata abin ya zo, domin a zuri'armu ba a taɓa jin mai shi ba, ita kuwa akwai ɗan kawunta da ya rasu yana yaro da ciwon ƙashi. Hajiya ba ta faɗa a gabanta, amma maganar ta iso kunnenta, kuma ina ganin yadda take cinta. Ga shi yanzu tana da ciki wata biyar. Wani da muke ɗinki tare ya ce in kwantar da hankalina, wai ɗaya cikin huɗu ne, tunda ɗayar ta riga ta zo, sauran ukun lafiya za su fito. Gaskiya ne?

Sannan na ji a rediyo wai a Ingila an samo maganin da ake gyara ƙwayar halitta da shi, mutum ya warke ɗungurungum. Mene ne gaskiyar wannan?

Malama Maman Sadiq, Kumo

Wa'alaikumus salam Baban Ummi. Allah Ya ba yarinya lafiya, Ya sauki uwarta lafiya. Ina koyar da bayoloji a sakandare, bari in fara maka daga tushe.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar kusan kowace ɗaya akwai wani siririn zare mai tsawo da ake kira DNA, an nannaɗe shi ƙunshi-ƙunshi har 46, sunansu kuromosom. Guda 23 daga uba suke zuwa, 23 daga uwa. Zaren jerin sinadarai ne iri huɗu kacal, waɗanda masana suka yi wa laƙabi da A, T, C da G, kuma a rabin da ka gada daga kowane mahaifi akwai kimanin biliyan 3 a jere. Yankin zaren da ke ɗauke da umarnin haɗa wani abu guda a jiki shi ake kira ƙwayar gado, muna da su wajen dubu 20.

Wadda ta shafe ku tana kan kuromosom na 11. Ita ke ba da umarnin haɗa wani ɓangare na himogulobin, wato abin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki. Lafiyayyar ana ce mata A. A wadda ake ce wa S, harafi ɗaya tak ya sauya, inda ya kamata a samu GAG sai aka samu GTG. Wannan harafi ɗaya shi ne yake sa in oksijin ya yi ƙasa himogulobin ya dunƙule, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Toshewar nan ce azabar da ka gani a yatsun 'yarka. Kuma ƙwayar jini mai lafiya tana yin kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jini ke yawan ƙarewa, ido ya yi ɗorawa.

Kowane mutum yana da wannan ƙwayar gado guda biyu, ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa. Mai AS yana da lafiyayya ɗaya, kuma ta ishe shi, shi ya sa kai da matarka ba ku taɓa kwanciya ba. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa ya kuma karɓi S daga uba. Saboda haka ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: S ɗaya ta yarinyar nan daga wurinka ta fito, kuma kai ma gadonta ka yi, ko daga Hajiya ko daga mahaifinka. Rashin ganin mai ciwon a zuri'arku ba hujja ba ce. S tana iya bin gida kaka da kakanni a ɓoye cikin masu AS, muddin suna dacewa da masu AA. Tun 1866 Gregor Mendel ya nuna haka da shukar wake, cewa siffa takan ɓuya a 'ya'ya ta bayyana a jikoki.

Maganar abokin aikinka kuwa, ita ce ta fi damuna, don ta jefa gidaje da yawa cikin wahala. Ka ɗauki jaka biyu, taka da ta matarka, kowace ka sa mata farin goro ɗaya da jan goro ɗaya. Farin shi ne A, jan shi ne S. Ka rufe ido ka zaro ɗaya daga kowace jaka. Fari da fari AA ke nan, fari da ja AS, ja da ja SS. In ka gama sai ka mayar da goron cikin jakunkunan, domin a ciki na gaba kowannenku yana nan da A ɗinsa da S ɗinsa, ba abin da ya ragu. Kowane ciki sabon zare ne: kashi 25 cikin 100 AA, kashi 50 AS, kashi 25 SS. Akwai gidan da 'ya'ya huɗu duk suka tsira, akwai wanda uku a jere suka zo SS. Cikin da take ɗauke da shi yanzu ma lissafinsa ke nan, uku cikin huɗu na fitowa ba SS ba, kuma muna roƙon Allah Ya sa hakan.

Ba sai kun zama dangi ba. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S, kuma ana ƙiyasta jarirai kimanin dubu 150 ake haifa da sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Dalilin yawanta a wurinmu shi ne yaro mai AS ya fi jure mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. Masu ita suka fi rayuwa har su hayayyafa, sai ta bazu. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar masu S biyu su haɗu ne kawai, ba shi ke ƙirƙirarta ba.

Abu Hanifa, Yelwa, Bauchi

Malama ta gama magana a kan gado. Ni a ɗakin gwaje-gwajen jini nake aiki, bari in taɓa takardar aurenku.

O da B rukunin jini ne, wanda ake dubawa in za a yi wa mutum ƙarin jini. Ƙwayar gadonsa ma daban take, tana kan kuromosom na 9. Jinotaif shi ne AA, AS, SS, AC, SC. Gwaji biyu ne mabambanta, kuma kusan kullum sai wani ya miƙo min takardar rukunin jini yana cewa ai ya yi jinotaif. Duk mai shirin aure ya duba da idonsa, in bai ga ɗaya daga cikin waɗancan ba, bai yi ba. C ma wani sauyi ne a ƙwayar gadon himogulobin kamar S, saboda haka masu AC ma su kula, AC da AS suna iya haifar SC, shi ma nau'in sikila ne. Kuma wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku kafin ya yi gwajin, in ba haka ba jinin da aka ƙara masa zai iya sa mai SS ya fito AS a takarda.

Ka lura yarinyar ba ta fara ciwo ba sai wajen wata bakwai. Jariri yana zuwa duniya da wani irin himogulobin na daban, ana ce masa F, wanda ba ya dunƙulewa. Bayan haihuwa jiki ke rage shi a hankali, zuwa wata shida na manya ya karɓi aiki, a nan ciwon ke bayyana.

Maganin da ka ji a rediyo a kan wannan F ɗin aka gina shi. Sunansa Casgevy. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, ta Amurka a Disamba 2023. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyacin, a yi amfani da fasahar CRISPR, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka samu kyautar Nobel a kanta a 2020, a yanke DNA a daidai wurin da ke kashe F. Sai a ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya share tsohon ɓargonsa, a mayar masa da ƙwayoyin da aka gyara, su ci gaba da haɗa F. Ba a gyara harafin S ɗin kansa ba, kuma wanda aka yi wa zai iya gadar wa 'ya'yansa S kamar da. An fara ne da masu shekara 12 zuwa sama, kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Abu ne na gaske, amma kada kowa ya karɓi kuɗinka da sunan zai kawo maka shi a kwalba.

Anti Bilki, Tumfure

Baban Ummi, ni SS ce. Shekarata 31, na gama karatu, ina aiki, ina da ɗa. Na faɗa ne don ka san yarinyarka tana da gaba in Allah Ya so.

Abin da ya riƙe ni bayan ikon Allah shi ne mahaifiyata ba ta wasa da ranar asibiti. Ku yi mata rajista a sashen masu sikila, kada ku jira sai ciwo ya tashi. Folik asid, maganin rigakafin maleriya, gidan sauro, allurar rigakafi duka a cika. Ƙananan yara irinta ana ɗora su a kan fenisilin har su kai shekara biyar. Ka tambayi likita zancen haidroksiyuriya, shi ma F ɗin da Abu Hanifa ya faɗa yake ƙarawa, ni tunda aka ɗora ni a kai kwanciyata ta ragu sosai. Akwai kuma hoton jijiyoyin kai da ake yi wa yara daga shekara biyu don a gano wanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ka tambaya ko ana yi.

Yanayinmu na Gombe sai da lura. Da hunturu safa da rigar sanyi tun kafin magariba, wanka da ruwan ɗumi, kada a fita da ita a kan mashin da asuba. In zafin Maris da Afrilu ya shigo kuwa, ruwa za ku yi ta ba ta ko ba ta nema ba. Jikinta ya yi zafi ko da tsakar dare ne, asibiti, ba kemis ba. Ku ce ma'aikaciyar jinya ta koya wa uwar yadda ake taɓa saifa a gefen hagu na ciki, domin in ta kumbura farat ɗaya, yarinya ta yi fari fat, ba a jira gari ya waye.

Maganar Hajiya kuma, kai ne za ka tsaya. Mace mai ciki wata biyar, ga jinyar yarinya, ga zargi, abin ya yi mata yawa. Kada ka yi musu da mahaifiyarka. Ka tafi da ita ranar ganin likita, ka roƙe shi ya yi mata bayani da bakinsa, manya sun fi karɓa daga wurin likita. Mahaifiyata ta sha irin wannan zargi shekara da shekaru daga dangin babana, kuma har yau in ta tuna sai ta yi hawaye.

Baban Ummi, Jekadafari, Gombe

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya, Malama, Abu Hanifa, Anti Bilki. Saura tambaya biyu. In an haihu, yaushe za mu iya sanin jinotaif ɗin jaririn? Kuma dashen ɓargo da nake ji, ana yi a Najeriya? Ummi za ta iya ba ƙanwarta?

Abu Hanifa, Yelwa, Bauchi

Ana iya sani tun a kwanakin farko, amma ba da gwajin da aka saba yi a ƙananan wurare ba, saboda F ya cika jinin jariri yana rufe sakamakon. Ka tambayi babban asibiti ko suna da na'urar HPLC. In babu, a yi bayan ya cika wata shida, kafin nan kuma duk zazzaɓi a kai shi asibiti da wuri.

Dashen ɓargo an fara yin sa a Najeriya a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Yana warkarwa, amma yana da tsada da haɗari, shi ya sa likitoci suka fi ba da shawararsa ga wanda ciwon ya tsananta masa. Ummi za ta iya bayarwa in ita AA ce ko AS, da sharaɗin ɓargonsu ya dace. Wannan wani gwaji ne daban da ake kira HLA, kuma tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya damar dacewa ɗaya cikin huɗu ce. Ka fara da auna jinotaif ɗin Ummi tukuna, tunda ba ka ambaci an taɓa yi mata ba.