Wace kyamara zan fara saya, ko in ci gaba da waya kawai?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a harkar hoto. Ni ba sana'a nake so in mayar da ita ba, sha'awa ce kawai, ina son ɗaukar tsofaffin gine-gine da dawakai, yanzu haka da wayata Tecno nake yi, in na samu sarari sai in shiga cikin birnin Zariya in ɗauki zanen ƙofar fada da ganuwa, wani lokacin in fita wajen Kufena da yamma. Matsalar ita ce ranar hawan sallah, duk abin da na ɗauka sai ya fito dishi-dishi, ba ka gane fuskar mahayi balle adon doki, in na ja zum kuma hoton ya farfashe. Na ɗan tara kuɗi ba masu yawa ba. Wani abokina ya ce in sayi Canon 2000D sabuwa a kwali, wani ya ce a'a in nemi Canon 600D ta hannu in zuba ragowar kuɗin a lens, wato gilashin gaban kyamara, wani kuma ya rantse ba abin da ya kai Nikon D3500. Wlh na rikice. Tambaya ta biyu kuma, me ya sa hoto yake da kyau a wayata amma da na tura a WhatsApp ko na ɗora a Facebook sai ya lalace? Na gode.

Baba Mai Hoto:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni tun zamanin fim nake wannan aiki a Kano, lokacin da sai ka kai an wanke kafin ka san ko ka yi abin kirki, to bari in gaya maka abin da nake gaya wa yaran shagona. Kyamarorin nan uku da ka lissafa duk za su yi maka, kar ka bari a ruɗe ka da megafiksel, 600D tana da 18 ta fito 2011, 2000D da D3500 suna da 24 sun fito 2018, amma in aka ɗora hotunansu a waya aka ce ka ware wlh ba za ka iya ba. Abin da zai bambanta hotonka da na wani shi ne lens da kuma sanin haske. In ka kwashe duk kuɗinka ka sayi sabuwa a kwali za ta zo maka da ɗan lens ɗin nan 18-55 kuma shi ke nan, ranar hawa kana bayan dogarai da jama'a dokin zai fito maka ɗan mitsitsi a tsakiyar hoto, kamar ka sayi ingarman doki ne ka rasa kuɗin harawa. Saboda haka ina bayan abokinka na biyu, nemi 600D ko 700D mai lafiya ta hannu, ka haɗa da lens 55-250 mai jawo nesa don dawakai, in da saura ka ƙara 50mm f/1.8 wanda shi ne mafi arha a lens ɗin Canon masu kyau kuma shi ke narkar da bayan mutum ya fito da fuska fes, sai dai a irin waɗannan kyamarori yana matso da abu kusa sosai, cikin ɗaki sai ka ja da baya har ka jingina da bango.

Maganar dishi-dishi kuwa, gudun shota ne, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara. Doki a guje lokacin jafi ba ya tsayawa a hoto sai ka kai 1/1000 na daƙiƙa, ko a ƙalla 1/500 in suna tafiya a hankali. A Canon ka murɗa kan Tv ka sa lambar da kanka, kyamara ta ji da sauran, a Nikon harafin S ne. ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamara, da rana tsaka 100 ko 200 ya isa, in la'asar ta yi sanyi ka ɗaga zuwa 800 kar ka ji tsoro, gara hoto mai ɗan yashi-yashi da wanda ya goge gaba ɗaya.

In za ka sayi ta hannu kada ka biya sai ka riƙe ta a hannunka. Ka cire lens ka haska fitilar waya a ciki ka duba ko akwai wani farin abu mai kama da saƙar gizo, wannan fumfuna ce, in ka gani ajiye musu kayansu. Ka ɗauki hoton farin bango ko sararin sama a f/16, wato ka tsuke ƙofar lens, sannan ka ƙara girman hoton sosai, duk ɗigon da ke kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, zai bayyana. Sannan ka tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, irin waɗannan ƙananan ana kiyasta musu wajen 100,000 ne, in ta masu ɗaukar biki ce ta yiwu ta kusa cinye rabonta ko da jikinta na sheƙi.

Sadiq Kawo:

Baba Allah ya ƙara girma, amma ni ina da ja kaɗan. Mutum ya ce sha'awa ce ba sana'a ba, to me zai kai shi ɗaukar jaka mai nauyi da batir da caja da memori da lens biyu? Na san mutane da yawa da suka sayi kyamara da zumuɗi, bayan sallah ɗaya ta koma cikin durowa, don ba kullum za ka fita da ita ba amma waya kullum tana aljihunka. Da kuɗin nan ya samu Pixel ko iPhone ko Samsung ta hannu mai lens ɗin nesa, ya ɗauka ya gyara a manhajar Snapseed ya ɗora nan take ba sai ya nemi kwamfuta ba. Gine-gine dai ba gudu suke ba, waya ta ishe su. Kuma a wannan zamanin ka rataya babbar kyamara a wuya ka shiga cunkoso, kowa kallonka yake, wani ya ce ɗan jarida ne wani ya ce a ba shi na goro.

Baba Mai Hoto:

Sadiq gine-gine na yarda da kai. Doki a guje daga nesa kuwa ban yarda ba, je ka gwada ka dawo mu yi magana. Yawancin zum ɗin waya yanke hoton kawai take yi ta buɗa shi, shi ya sa yake farfashe masa.

Maman Ilham:

Slm. Ƙanina bari in amsa maka ta biyun tunda su Baba sun tsaya kan ta farko. WhatsApp matse hoto yake yi don ya rage cin data, shi ya sa. In kana so ya isa yadda yake, kar ka tura shi ta wajen hoto, ka danna alamar maƙala abu ka zaɓi dokumen sannan ka nemo hoton, zai tafi da cikakken nauyinsa. Tun 2023 sun sa wani maɓalli na HD a sama in za ka tura, ya fi na da kyau amma shi ma yana ɗan matsewa. Status kuwa ka haƙura kawai, duk abin da ka ɗora sai ya ci shi. Facebook ni nakan rage hoton da kaina ya zama fiksel 2048 ta dogon gefen kafin in ɗora, in ka bar masa babba shi zai rage maka kuma ba ya tausayi. Instagram kuma hoton tsaye na 4:5 ya fi cika fuskar waya, na kwance sai ya zama ɗan siriri mutane su wuce shi. Kuma dan Allah ka ajiye na asali a wani wuri, ko Google Photos ko kwamfuta, kada ya zama kwafin da ke cikin WhatsApp shi kaɗai gare ka.

Ni Nikon D3200 nake riƙe da ita, abinci da lalle da yarana nake ɗauka, ba ruwana da dawakai. In ka ƙare a Nikon ga abu ɗaya da masu sayarwa ba sa faɗa, ƙananan nan irin D3200 da D3500 ba su da injin fokos a jikinsu, to in aka ba ka tsohon 50mm mai harafin D a ƙarshe don ya fi arha, zai hau amma da hannu za ka riƙa murɗa fokos. Ka nemi mai AF-S, shi yana da injin fokos a jikinsa, ni 35mm f/1.8G nake amfani da shi kuma ban cika cire shi ba.

Sai abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da ya sa na tsaya dogon rubutu. Ka riƙa neman izini. Ranar hawa mahaya sun fito ne don a gan su, wannan ba matsala, amma cikin unguwa daban ne. Matar aure ta fito ɗiban ruwa ko tsoho yana alwala a ƙofar gida ko almajirai suna cin abinci, sai wani ya ɗauka ya ɗora da dogon turanci a ƙasa ana ta yaba masa, su ba su ma san suna yawo a duniya ba. Ka yi sallama, ka gaisa, ka ce ga abin da kake so, in an ce a'a ka wuce. In an yarda ka nuna musu a fuskar kyamara, in da hali ka wanko ka kai musu, za ka ga yadda gobe su da kansu za su kira ka. Sunanka kuma ka sa shi ƙarami a gefe, ba ƙato a tsakiyar fuskar mutum ba kamar yadda wasu ke yi, masu sata dai ko ka sa sai sun yanke.

Issoufou Damagaram:

Gaisuwa daga Zinder. Ni Sony a6000 gare ni, marar madubi ce, ba kamar su 600D masu madubi a ciki ba, ta 2014, ƙarama ce tana shiga 'yar jaka kuma tana ɗaukar hoto 11 a daƙiƙa ɗaya, wajen dawakai da kokowa wannan ba ƙaramin abu ba ne, 600D ko 4 ba ta cikawa. Aibinta batir, hoto ɗari uku da wani abu ya mutu, alhali D3500 ana ba ta wajen 1,500 a caji ɗaya. Amma tana caji da wayar USB, ko da fawa bank, to in wuta na yi muku wasa kamar mu ka sa wannan a lissafi. Lens ɗinta kuma sun fi na Canon wuyar samu a wajenmu.

Kowace ka saya, ƙura ce babbar abokiyar gabarka. Lokacin hunturu ko a filin hawa kada ka kuskura ka canza lens a waje, ka zaɓi ɗaya tun daga gida. In dole ce ka juya bakin kyamarar ƙasa ka yi sauri. Ka sayi 'yar robar nan ta hura iska, kar ka hura da baki kar ka goge da bakin riga, yashi yana karce gilashi. Hazo kuma ba kullum yake ɓata hoto ba, da safe ko dab da magariba yana tausasa rana, ginin ƙasa yana fitowa ja mai kyau. Tsakar rana ce ba ta da amfani, inuwar rawani sai ta rufe idon mutum. Kuma ka yi nesa da barikin soja da shingen jami'an tsaro da kyamara a hannu, ko ba su kake ɗauka ba.

Ɗan Tudun Wada:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba ina ganin 600D ɗin zan nema da 55-250, na 50 ɗin sai daga baya. Anti na ji maganar izini, in sha Allah zan kiyaye. Saura abu ɗaya, an ce 600D ba ta da wayfay, ni kuma ba ni da kwamfuta, ya zan yi in kwashe hotunan zuwa waya?

Sadiq Kawo:

Wannan mai sauƙi ne, ka sayi abin karanta memori mai bakin da ya dace da wayarka, Type-C ko ƙaramin bakin nan na da, ka zare katin ka soka ka kwafe, ya ma fi wayfay sauri. Ka fara da JPEG tukuna, RAW, wato ɗanyen hoto mai nauyi, zai cika maka waya. Memorin ne dai ka yi hattara, jabu sun yi yawa, za a rubuta 64GB a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ka dawo gida ka tarar rabin hotunan ba sa buɗewa. Ka saya a shagon da za ka iya komawa, ka cika shi da bidiyo tun kafin sallah ka ga ko duk suna buɗewa, kuma gara 32 guda biyu da 64 guda ɗaya. In ka gaji da ita bayan sallah kuma ka neme ni, zan saya rabin kuɗi lol.