Ɗana ya buga wa jami'a ƙwallo, yanzu yana son shiga aikin ɗan sanda

Baban Yara, Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wasanni ko aikin ɗamara. Babban ɗana ya kammala digiri, ya kuma gama bautar ƙasa. Tun shigarsa jami'a shi ne mai tsaron baya na ƙungiyar makarantar, har ya zama kyaftin, ya kuma wakilce su a gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya. Ya je gwaji a wasu ƙungiyoyi, amma babu wadda ta ba shi kwantiragin kirki, yanzu kuma ya dage cewa aikin ɗan sanda yake so. Mahaifiyarsa ba ta amince ba, ni kuma ina tsoron kada baiwar da Allah ya yi masa ta tafi a banza. Shin akwai wanda ya taɓa haɗa biyun ya ga da kyau?

Tsohon Koci, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai, kuma ba a nesa ba. Chioma Ajunwa ta buga ƙwallon ƙafa, har tana cikin tawagar matan Najeriya da ta je gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin a 1991. Daga baya ta mayar da hankali kan dogon tsalle, kuma tana 'yar sanda ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da tsallen mita 7.12, wanda shi ne zinaren farko da wani ɗan Najeriya ya ci shi kaɗai a tarihin gasar. Ba ta ajiye kaki ba bayan wannan ɗaukaka. Ta ci gaba da aiki har ta shugabanci ofishin 'yan sanda na Meiran, wanda ku mutanen Agege kun san ba shi da nisa da ku.

Marigayi Sunday Bada shi ma jami'in ɗan sanda ne. Ya ci gudun mita 400 a gasar duniya ta cikin zaure a Faris a 1997, sannan yana cikin mutum huɗun da suka zo na biyu a gudun miƙa sanda a Sidni a 2000. An mayar da azurfar tasu zinare bayan an soke nasarar Amurka saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, sai dai hukuncin ya zo a 2012, shi kuwa ya rasu a Disamban 2011 a nan Legas. Har yau abin yana taɓa ni.

A ganina, yaron da ya tsaya a baya yana karanta motsin abokin hamayya, yana tsawata wa 'yan wasansa ba tare da ya wulaƙanta su ba, ya riga ya koyi wani abu da aikin ke bukata.

Mai Ritaya, Obalende:
Malam Koci ya faɗi gaskiya, amma ina so Alhaji ya ji ɗaya ɓangaren daga wanda ya sa kakin. Waɗannan biyun zakaru ne da ƙasa ta riga ta sani, shi ya sa aka riƙa ba su lokacin atisaye. Rundunar tana da sashen wasanni da gasarta ta cikin gida, to amma yawancin ranakun sabon jami'i a kan sintirin dare, rubuta bayanin masu ƙara da tsayuwa cikin rana suke ƙarewa, kuma ana iya tura shi kowace jiha ba tare da an tambayi ra'ayinsa ba. Idan yana ganin kakin wata hanya ce ta komawa fili, zai gaji da wuri. Ku zaunar da shi ku tambaye shi ko zai so aikin ko da ba zai sake taka leda ba.

Sannan ku kula da 'yan damfara. Ɗaukar 'yan sanda kyauta ce, Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ce ke sanar da ita a bainar jama'a, don haka duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai saka sunan yaro, ɓarawo ne. Ya kuma karanta sanarwar da kyau, domin matakin da ake ɗaukar mai digiri daban yake da na kurata, kowanne da iyakar shekarunsa.

Maman Biyu, Mile 12:
Alhaji, kada ku yi watsi da fargabar Hajiya. Duk wanda yake Legas a watan Oktoban 2020 ya ga yadda aka ƙona ofisoshin 'yan sanda, ya kuma san irin ƙorafin cin zarafin 'yan sanda da ya fito da matasa kan titi. Uwa ba za ta manta da wannan ba. Duk da haka ina ganin unguwanninmu suna bukatar jami'i mai ilimi da tarbiyya, wanda yake jin Hausa da Yarbanci, musamman idan rikici ya tashi a kasuwa. Ku bar shi ya yi wa mahaifiyarsa bayani da bakinsa, kada ku yanke hukunci a bayanta.

Baban Yara, Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mai Ritaya, ko takardun shaidar NUGA da yake da su za su yi masa amfani a wurin tantancewa, ko sai bayan ya gama horo zai nuna su ga sashen wasanni?